Wai kudin firamare yaro suke bi ko malami?

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci muna zaune majalisarmu ta kofar gidan Kawu nan cikin birnin Katsina sai gardama ta kaure kan makarantun gwamnati, wannan ya ce ai matsalar guda ce gwamnati bata sa ma ilimi kudi, wancan ya ce karya ne ana sawa cinyewa dai ake, wani kuma ya jawo maganar nan da kowa ya haddace wai UNESCO ta ce a ba ilimi kashi 26 na kasafin kudi. Kawu da ya yi hedimasta shekara da shekaru a kauyukan kasar Daura kafin ya yi ritaya yana jinsu bai ce uffan ba, sai da suka gaji don kansu sannan ya ce, "Ku 'ya'yan nan duk girman tukunya kuke ta musu a kai, ba wanda ya tambayi wa ke rike da ludayi." Aka yi dariya aka watse, amma ni maganar ta tsaya mani a rai, shi yasa na ce bari in zauna in warware abin daki-daki iya yadda na fahimce shi.

Kafin nan, wannan kashi 26 din don Allah mu huta da shi. Abin da kasashe suka amince a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. To ko da a ce gobe an wayi gari an ba ilimi kashi 30, in dai da ludayin da ake rabo yanzu za a raba, yaron kauye zai ci gaba da zama kasa yana jiran malamin da ba zai zo ba.

Mu faro daga Abuja. Duk wata ana zaman FAAC, kwamitin rabon kudin tarayya, a raba abin da ya shigo asusun tarayya, gwamnatin tarayya ta dauki kashi 52.68, jihohi 26.72, kananan hukumomi 774 su kuma 20.60. Wannan kowa ya sani. Inda mutane ba su cika lekawa ba shi ne yadda ake raba kason jihohin a tsakaninsu, da na kananan hukumomin a tsakaninsu. Cikin kowace naira 100, naira 40 raba-daidai ake yi ba ruwan kowa da yawanka ko kankantarka, naira 30 yawan jama'a, 10 fadin kasa da yanayinta, 10 kokarin tara haraji na cikin gida, sai 10 ta karshe da aka ce ta ci gaban al'umma, a cikin wannan goman ne ilimi ya samu 4, lafiya 3, ruwa 3. Ka ji fa. Yawan yaran da ke makaranta a karamar hukumarku naira hudu kacal yake iya motsawa cikin dari, kuma ko ita hudun in ta iso ba a rubuta mata "ta makaranta ce" a goshi ba, tana shigowa ta narke cikin sauran kudi, ana iya sayen mota da ita ana iya yin kwalbati. Yawan jama'ar ma da ake ta magana, kidayar karshe da aka yi a kasar nan 2006 ce, yaron da aka haifa shekarar yanzu wani har ya yi aure.

Sai famfo na biyu, wato UBEC, hukumar ilimin tushe ta kasa. Obasanjo ya kaddamar da shirin UBE na ilimin tushe ga kowa a Sakkwato a 1999, dokar ta fito a 2004, ita ta ce a ware kashi 2 na kudin shigar gwamnatin tarayya a ba ilimin tushe, firamare shekara shida da karamar sakandare shekara uku. A tsarin da aka dade ana bi rabin kudin nan kamar adashi ne, sai ka yi zubi kake kwasa, jiha ta ajiye naira UBEC ta dora mata naira, in ba ta ajiye ba kudin su yi ta kwanciya a Abuja, kuma haka biliyoyin naira suka sha kwanciya shekara da shekaru saboda gwamnoni da yawa sun fi son aikin da za su kashe kudinsu ba mai leka masu takarda. A nan kam a yaba ma Katsina, don a karshen 2024 UBEC da bakinta ta ce Katsina da Kaduna ne kadai suka fara daukar kason wannan shekarar.

Amma ga inda gizo ke sakar. Wannan kudin adashin daidai-wa-daida ake raba shi tsakanin jihohi 36 da Abuja. Katsina mai kananan hukumomi 34 da mutum kusan miliyan 5.8 a kidayar 2006, da Bayelsa mai kananan hukumomi 8 da mutum miliyan 1.7, kwano daya ake auna masu. Ban ce Bayelsa ba ta da nata wahalar ba, gina aji cikin fadama inda sai da kwalekwale ake kai siminti ba wasa ba ne, amma dai in ka raba kudin kan kowane yaro za ka ga dan Katsina ko dan Kano abin da ya same shi bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na karamar jiha. Akwai wani kaso 14 da aka ware don cike gibin wuraren da aka bari a baya, sai dai shi kadai ba zai gyara karkatar da babban kason ya yi ba. Kuma abu mafi muhimmanci, kudin UBEC ba a biyan albashi da su. Gini ne, benci, littattafai, bita ta malamai. Shi yasa za ka wuce kauye ka ga bulo biyu sabo fil da fenti da rubutun UBEC/SUBEB (SUBEB ita ce hukumar ilimin tushe ta jiha) da shekara a jikin bango, ka leka ciki ka tarar da yara sun cika daki suna ta surutu, monita na rike da bulala, malami daya ne ke zagaya aji uku.

To wa ke biyan malamin? Nan ne maganar ludayin Kawu ta fito. Tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin firamare cikin ayyukan da karamar hukuma ke da hannu a ciki, sashe na 162 kuma ya kirkiro asusun hadaka na jiha da kananan hukumomi, joyin akawun din nan da ake ta fada a kai. Abin da aka saba a jihohi da dama shi ne kudin kananan hukumomi su fado wannan asusun, a zare albashin malaman firamare tun daga sama, a biya ta hannun SUBEB da ofishin sakataren ilimi na kowace karamar hukuma, abin da ya rage sannan a san yadda za a yi da shi. Kuma kowa ya san a harkar firamare albashi shi ne giwar, sauran duk tarkace ne. Ma'ana ke nan in kana son sanin inda kudin ilimi suka tafi kada ka bata lokacinka wajen karanta kasafin kudi, ka nemi takardar fostin din malamai. Inda aka tura malami nan aka tura kudi.

Bari in yi lissafin misali, lambobin nawa ne na kirkira don a gane, ba na wata makaranta ba ne. A ce makaranta ta daya tana cikin gari, yara 1,000, malamai 40. Ta biyu tana kauye kilomita talatin daga kwalta, yara 600, malamai 5. A ce kowane malami naira 80,000 yake dauka. Ta gari gwamnati na kashe mata miliyan 3.2 duk wata, kowane yaro ya tashi da 3,200. Ta kauye 400,000, kowane yaro bai kai naira 700 ba. Kusan ninki biyar ke nan, a jiha daya, karkashin doka daya, kuma ba wani gwamna ko kwamishina da ya taba zama ya sa hannu a takarda cewa dan birni ya fi dan kauye sau biyar. Transfa ce ta yi wannan rabon, daya bayan daya, wannan kanen ciyaman ne, wannan matar wane ce ba za ta iya nisa da gida ba, wannan yana karatun digiri na karshen mako a bar shi kusa, wancan ya kawo takarda daga dan majalisa. Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwo gaya. Manufar ilimi ta kasa malami daya ga yara 35 ta ce a firamare, amma ko jiha ta cika wannan lissafin a dunkule, dunkulen ne ke boye cewa wani wurin malamai na karba-karbar aji wani wurin kuma hedimasta shi ne malamin lissafi shi ne na addini shi ne mai buga kararrawa.

Kuma wallahi ban ga laifin malamin ba sosai. Mutumin da ke daukar abin da bai fi mafi karancin albashi na 70,000 da kadan ba, ka ce ya rika hawa mashin kullum zuwa kauye da kudin man fetur na yanzu, rabin albashin a tanki zai kare, in kuma ya ce zai tare can babu gidan malamai babu asibiti babu makarantar da zai sa nasa 'ya'yan. Ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Buhari ya yi alkawarin alawus na musamman ga malaman karkara tare da karin shekarun aiki, karin shekarun ya zama doka a 2022, ritaya ta koma shekara 65 ko 40 ta aiki, amma alawus din kauye ni dai duk malamin firamaren da na tambaya dariya yake mani. Gwamna Dikko Radda ya dauki malamai sama da 7,000 a 2023 bayan an yi masu jarabawa, abu ne mai kyau kwarai, tambayar da ya kamata 'yan majalisar jiha su rika yi duk shekara ita ce cikin wadanda aka tura karkara nawa ne har yanzu suke can.

Akwai wani abu kuma da ke biyo bayan wannan wanda ba a cika fada ba. In aka zuba kudin kananan hukumomi a tukunya daya aka cire albashin kowa daga sama, karamar hukumar da ke da malamai kadan ita ke tallafa ma mai malamai da yawa. Wato kauye ke ciyar da birni, kashin dankali sosai, babba a kan karami. Sai dai kar 'yan kauye su dauka mu na birni muna cikin daula, ku zo ku ga firamaren cikin gari inda yara fiye da dari ke cushe aji daya wasu a kan taga, mu matsalarmu daki da fili, ku taku malami. Wannan ma kansa shaida ce cewa rabon ba ya kallon bukata, da yana kallo da an kai gini inda ake cunkoso an kai malami inda ake jira, sai ga shi sau da yawa akasin haka ake yi, saboda aikin mazabu na 'yan majalisa inda kuri'a take yake zuwa, kuma gini ake iya dauka hoto a kaddamar, ba wanda ke yanka kirtani don an kai malamin Turanci kauye.

Sai wani ya ce to ai an gama magana, kotun koli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a rika ba kananan hukumomi kudinsu kai tsaye, kowa ya rike nasa ya biya malamansa. Na kai ma Kawu wannan maganar da daddare, na ce, "Kawu, yanzu ai ciyaman zai rike kudinsa, kauye ya huta." Ya dube ni ya ce, "Dana, mu mun ga wannan rawar tun kana goye." Ya ba ni labari, a 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta kasa, NPEC, albashi ya dan daidaita, a 1991 aka rushe ta aka mika firamare hannun kananan hukumomi, nan fa malamai suka ga tasku, wata da watanni ba albashi, ya ce shi da kansa sai da ya sayar da tumakin matarsa biyu ya sayi hatsi, wasu abokan aikinsa suka bar alli suka koma kasuwa ba su kara dawowa ba, har sai da aka maido da hukumar a 1993. Wannan tabon ne ya sa kungiyar malamai ta NUT duk lokacin da aka taso da maganar 'yancin kananan hukumomi take cewa ta yarda amma a cire albashin malamai daga hannun ciyamomi. Kuma ba tsohon labari ba ne kadai, a 2025 malaman firamare na Abuja, inda kananan hukumomin birnin ke biyansu, sun fi wata uku suna yajin aiki kan mafi karancin albashi da bashin da suke bi, a babban birnin kasa fa, yara na gida. Kada a yi gudun gara a fada gidan zago.

Sannan ko ciyaman na Allah ne, lissafin ba zai fita daidai ba, tunda kason da ke zuwa masa daga Abuja ba da yawan dalibansa aka auna shi ba. Karamar hukumar birni mai dubban malamai tana iya biyan albashi ta tashi hannu rabbana, abin da a da ake ce ma ziro alokeshan, ta kauye kuma ta ga rarar kudi a hannu amma ba abin da ya tilasta mata ta dauki sabbin malamai da su. Kowace hanya ka bi, kudin iyakar hukuma suke bi da sunan wanda ke kan takardar albashi.

Matsalar tsaro ta zo ta kara tona asirin tsarin. Tun sace daliban sakandaren kimiyya ta Kankara a Disamba 2020, da hare-haren da suka addabi Jibiya, Batsari, Safana, Danmusa, Faskari, Sabuwa da Dandume, makarantun kauyuka da yawa an rufe su, iyaye sun kwashi yara sun koma hedikwatar karamar hukuma ko Dutsinma ko Funtuwa ko nan Katsina. Yaron ya taso ya zo, amma ba ko sisi da ta biyo shi. Makarantar da ta karbe shi bencinta bai karu ba, allinta bai karu ba, hedimasta ne zai san yadda zai yi, ko ya roki PTA ko ya sa hannu a aljihu. Wannan maganar alli ma abin kunya ce, firamare da yawa ba su da wani kudin gudanarwa tsayayye da ke shigo masu duk zango, an ce ilimi kyauta ne an hana karbar kudi hannun iyaye, to rajista da alli da gyaran kofar da iska ta balle fa, daga ina?

Wasu kasashen sun gwada daura kudin a wuyan yaro. Burazil tun karshen shekarun 1990 ta hada kudin ilimin jihohi da na kananan hukumomi a asusu daya a kowace jiha tana rabawa bisa yawan daliban da ke cikin rajista, in jiha ta gaza kai wani mafi karancin kudi kan kowane dalibi gwamnatin tarayya ta cika mata, sai ga shugabannin kananan hukumomi na bin yara gida-gida don kowane yaro kudi ne. Kenya da ta mayar da firamare kyauta a 2003 kai tsaye ta rika tura kudin kowane dalibi asusun makaranta. Wanda ya fi burge ni shi ne na Yuganda, bincike ya gano tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 kacal na kudin gudanarwar da aka ware ma makarantu ke isa, sauran a hanya suke bacewa, sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura ma kowace gunduma a jarida ana kuma lika shi a allon sanarwar makaranta, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Cikin abin da ya taimaka har da cewa iyaye sun san nawa aka turo. Amurka kuma ita ce misalin abin da bai kamata a kwaikwaya ba, can harajin gidaje na unguwa ke daukar kaso babba na kudin makaranta, unguwar masu kudi makaranta mai kyau, ta talakawa sai hakuri, sun shafe shekaru fiye da hamsin suna shari'a a kai.

Mu ma nan mun dan dandana. Shirin AGILE na karatun 'yan mata na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020, dala miliyan 500, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, ya tura kudin gyara kai tsaye asusun kwamitocin SBMC, wato kwamitocin al'umma masu kula da makaranta, na makarantun sakandare, kuma inda kwamitin ke da mutanen kirki an ga aiki da kudi kadan wanda dan kwangila zai ninka. Sai dai wannan rance ne mai wa'adi, ranar da ya kare an koma gidan jiya. Kuma ban ce tsarin bin yaro ba shi da rami ba, duk wanda ya ga yadda aji daya zuwa uku suka tumbatsa lokacin shirin gwamnati na ciyar da dalibai kan naira 70 kowane yaro ya san mutanenmu, ranar da aka ce kowane suna a rajista kudi ne to har jariran goye za a rubuta. Dole sai an yi kidayar dalibai ta gaskiya duk shekara, a rika zuwa ba sanarwa ana kirga kawuna, kuma a sa ma yaron kauye mai nisa da yaron da ya yi gudun hijira da mai nakasa kari a kan na kowa, don karantar da su ya fi tsada.

Ni a ganina albashi ya zauna a jiha kada a maida shi hannun ciyamomi, amma kujerar malami ta zama ta makaranta, ba ta mutum ba. Makaranta mai yara 600 tana da kujeru kaza, in ka nemi transfa ka tafi kai kadai ka bar kujerar da albashinta a dauki wani, zai fi kyau ma dan yankin, ga masu takardar shaidar malanta ta NCE nan birjik daga kwalejin Isa Kaita ta Dutsinma da FCE Katsina da ta Yusufu Bala Usman a Daura suna zaune ba aiki, wasu ma suna koyarwa kyauta a matsayin 'yan sa kai a garuruwansu. Sannan kowace makaranta a lika takarda a bakin ofishin hedimasta, yara nawa, malamai nawa aka turo da sunayensu, nawa aka turo na alli wannan zangon.

Da na karanta ma Kawu wannan sakin na karshe sai ya tashi ya shiga daki ya dauko wani tsohon littafin rajista da ya boye tun yana aiki, bangonsa duk ya cinye, ya bude mani shafin malamai na wata makarantar da ya rike. Sunaye tara ne a rubuce. Ya bi su da yatsa daya bayan daya yana fada mani wanda ya taba gani da idonsa, ya tsaya a na hudu.